ƘARAMBAU A JIKIN BABBA

Jawabi ga Hakimai da Malamansu, a kan Ƙasar Matazu da Maƙwabtanta



Jawabin nan a kan wani ciwo ne wanda kusan kowa ya raina, watau ƙarambau, wanda waɗansu ke kira farankama. In aka ce yaro ya yi ƙarambau, ba mai tashi daga kan tabarmarsa. Uwar ta shafa masa abin da ta samu, ya yi kwana bakwai yana susa, ɓawo ya faɗi, ya koma wasa da 'yan'uwansa. Da ya ke an saba ganin haka, sai aka ɗauka haka abin ya ke ga kowa. To, ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido. Ƙarambau in ya kama magidanci, ko matar aure, ko saurayi, ya kan kwantar da shi warwas, wani lokaci kuwa ya sauka cikin huhu ya kashe shi a 'yan kwanaki. Akwai maganin da ke rage masa ƙarfi, amma sai an fara shi a ranar farko da ƙuraje suka fito. Wannan rana guda ita ce dalilin wannan jawabi, gama talaka ba zai san darajarta ba sai shugabanninsa sun gaya masa.

Abin da ke kawo shi

Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ƙarambau, ƙanƙanuwa ƙwarai, har madubin likita na yau da kullum ba ya nuna ta. Tana tafiya cikin iska daga numfashin mai ciwo da tarinsa, tana kuma cikin ruwan ƙurajen. Saurin kamunta ya wuce misali. In mutum guda ya kwanta a gida, cikin mutum goma na gidan waɗanda ba su taɓa yi ba, ya yiwu takwas ko tara su kamu.

Daga ranar da ƙwayar ta shiga jiki zuwa ranar da ciwo zai bayyana a kan yi kwana 10 zuwa 21, amma galibi mako biyu ne. A cikin kwanakin nan mutum lafiyarsa lau, yana zuwa gona, yana zuwa kasuwa. Ya kan fara ba waɗansu tun saura kwana ɗaya ko biyu ƙuraje su fito, ba kuwa zai daina ba sai dukansu sun bushe sun yi ɓawo, watau kwana biyar zuwa bakwai bayan fitowarsu. Wanda ya yi sau ɗaya, da wuya ya sake yi har ƙarshen ransa.

Don me ya ke samun manya a nan

A ƙasashen sanyi, irin su Ingila, kafin a sami allurar rigakafi kusan kowane yaro ya kan yi ƙarambau kafin ya balaga, sai ya zama manya kaɗan ne suka rage. A ƙasashen zafi kuwa an lura mutane da yawa su kan girma ba su yi ba. Masana sun danganta wannan da zafin rana, wanda ƙwayar ba ta jure masa, da kuma zaman ƙauye, inda gidaje ke warwatse, ciwon ya yi shekaru bai leƙo ba. An kuma lura ya fi yawa a watannin da ba ruwa, tun daga hunturu.

To, a dubi zaman ƙasar Matazu. Ƙidayar 2006 ta sami mutum fiye da 100,000 a cikinta, yawancinsu manoma ne a garuruwa irin su Dissi, da Gwarjo, da Karaduwa, da Kogari, da Mazoji, da Rinjin Idi, da Sayaya. Da an gama kaka, an killace dawa da masara, an kai auduga ma'auna, sai samari su tafi ci-rani Kano, ko Kaduna, ko Abuja, ko Legas. Can su kan kwana su da yawa a ɗaki guda. Saurayin da ya tashi a ƙauye bai taɓa ƙarambau ba, nan ne ya ke gamuwa da shi. Sa'an nan ya komo gida gab da sharar gona, ƙwayar tana ɓoye a jikinsa, ko shi kansa bai sani ba. Haka kuma 'yan makarantar kwana, da almajirai, da 'yan kasuwa masu bin Funtuwa da Malumfashi da Kankiya. Ga kuma wani abu na shekarun nan: rashin tsaro ya sa mutanen waɗansu ƙauyuka sun taso sun raɓu da danginsu a cikin gari, gida guda ya ɗauki iyali biyu ko uku. Duk inda aka cunkushe, nan ƙarambau ke samun abin da ya ke so.

Yadda ya ke farawa

Ga yaro, sau da yawa ƙuraje ne farkon abin da za a gani. Ga babba kuwa zazzaɓi ke riga su. Ya yi kwana ɗaya ko biyu da zafin jiki, da ciwon kai, da ciwon baya da gaɓoɓi, da kasala, abinci ya fita ransa. Kowa sai ya ce zazzaɓin cizon sauro ne, a sayo masa magani a kemis.

Bayan haka sai ƙananan tabo su fito a ƙirji da baya da fuska da cikin gashin kai. Cikin yini guda su taso, su ɗuri ruwa fari tas, kamar raɓa ta sauka a kan fata. Ruwan ya yi duhu, ƙurji ya fashe, ya bushe, ya yi ɓawo. Ba sa fitowa gaba ɗaya. Yau waɗansu su fito, gobe waɗansu, jibi waɗansu, har kwana uku zuwa biyar. Saboda haka a tafin hannu guda na faɗin fatar baya za a ga sabon tabo, a ga mai ruwa, a ga mai ɓawo, duk a tare. Wannan ita ce babbar shaidar ƙarambau, malami ya riƙe ta da kyau. Ƙaiƙayinsu mai tsanani ne. A kan sami ƙurji 250 zuwa 500 a jikin mutum guda, na babba kuwa su kan fi yawa, su fi zurfi, su fi barin tabo. Su kan fito cikin baki da maƙogwaro har haɗiya ta gagara, da fatar ido, da al'aura.

Inda haɗarin ya ke

Ƙasar Amurka ta riƙa lissafin wannan ciwo sosai, lissafinsu kuwa abin dubawa ne. Kafin su fara allurar rigakafi a 1995, kimanin mutum miliyan 4 ke yin ƙarambau kowace shekara, 100 zuwa 150 su mutu. Manya ba su kai biyar cikin ɗari na masu kamuwa ba, amma fiye da rabin mamatan manya ne. Cikin yara 100,000 da suka kamu, kimanin ɗaya ke mutuwa. Cikin manya 100,000 kuwa, fiye da 20. Wannan fa a ƙasar da asibiti ke kusa da kowa ke nan. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kowace shekara mutum miliyan 140 ke kamuwa a duniya, miliyan 4.2 ciwon ya tsananta har a kwantar da su, 4,200 su mutu.

Abin da ya fi kashe babba shi ne ciwon huhu. Kimanin ɗaya cikin manya 400 a kan kwantar saboda shi. Ya kan zo tsakanin kwana ɗaya zuwa shida bayan fitowar ƙuraje. Farkonsa ɗan tari ne busasshe, wanda ba mai kula da shi. Sai numfashi ya yi sauri, ƙirji ya riƙe, mutum ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya ya huta. Wani ya kan yi kaki da jini. Daga nan abu ya kan lalace cikin dare guda.

Ban da huhu akwai waɗansu hanyoyi uku. Ƙwayar ta kan hau ƙwaƙwalwa, mutum ya ruɗe, ko ya yi ta barci ba ya tasuwa, ko ya yi tangaɗi, ko ya yi jijjiga. Ƙurajen da aka sosa da farce mai dauɗa su kan ruɓe, wurin ya kumbura ya yi zafi, dafin ya shiga jini. Wani kuma, ko da ya ke ba su da yawa, jini ne ke cika ƙurajen su yi baƙi, hanci da dasashi su yi ta zub da jini.

Waɗanda ciwon ya fi yi wa illa su ne masu ciki, da masu shan taba, da masu tsohon ciwon ƙirji, da masu ƙanjamau, da masu shan maganin daji, da masu shan ƙwayoyi irin su deksametason, waɗanda waɗansu ke saye a kasuwa don su yi ƙiba ko don ciwon gaɓoɓi. Irin ƙwayoyin nan suna raunana garkuwar jiki.

Mai ciki da jariri

Maganar mai ciki ta isa a keɓe ta, domin rai biyu ne. In ta kamu cikin ya tsufa, ciwon huhu ya fi saurin kama ta, ya kuma fi tsanani. In ta kamu a makonni 20 na farko, ɗaya ko biyu cikin ɗari na jariran a kan haife su da lahani a fata, ko gaɓa, ko ido, ko ƙwaƙwalwa. Lokacin da ya fi muni shi ne in ƙuraje suka fito mata saura kwana biyar ta haihu, ko cikin kwana biyu bayan haihuwa. A nan jariri ya karɓi ƙwayar, amma bai sami kariya daga jinin uwarsa ba, gama ita kanta jikinta bai gama haɗa kariyar ba. Irin wannan jariri asibiti za a kai shi, ko da ana ganin lafiyarsa ƙalau.

Saboda haka, mai cikin da ba ta taɓa ƙarambau ba, ko ba ta sani ba, kada ta yi jinyar mai shi, kada ta shiga ɗakinsa. In ta riga ta zauna da shi, ta tafi wurin awo ta faɗa tun ba ta ga kome a jikinta ba. Ta tsaya daga waje ta aika a kira ma'aikaciya, kada ta kutsa cikin sauran masu ciki.

Misali

A ɗauki misalin magidanta biyu da suka komo daga ci-rani mota guda, ɗaki guda suka kwana a birni. Bayan kwana goma sha biyu dukansu suka yi zazzaɓi, ran Talata da safe ƙuraje suka fito. Na fari, mai unguwarsu ya riga ya ji wannan bayani a bakin dagaci. Kafin azahar aka kai shi asibiti, aka fara masa magani, aka keɓe shi a ɗaki guda, matarsa mai ciki ta koma ɗakin surukarta. Na biyu aka ce ai ƙarambau ne, ciwon yara, har abokan wasa suna yi masa ba'a. Ran Laraba 'yan dubiya suka cika ɗakin. Ran Jumma'a ya fara tari. Ran Asabar da dare numfashi ya gagara, ga hanya ba ta biyuwa da dare, sai da gari ya waye aka nemi mota. Ko da Allah ya tashi kafaɗarsa, an sai da hatsi an biya asibiti, gona ta kwana ba shara, bayan mako biyu kuma waɗansu daga cikin 'yan dubiya suka kwanta. Ciwo ɗaya ne, jiki iri ɗaya. Bambancinsu magana ce da ta isa unguwa guda ba ta isa ɗayar ba.

Magani da jinya

Sunan maganin asiklobir, a jikin kwalinsa an rubuta Acyclovir. Yana hana ƙwayar hayayyafa, saboda haka amfaninsa ya fi yawa in an fara shi cikin awa 24 da fitowar ƙuraje. A kan sha sau huɗu ko biyar a yini, kwana biyar zuwa bakwai, tare da ruwa mai yawa. Likita ne ko malamin asibiti zai yanka yadda za a sha. Wanda ciwon ya sauka masa a huhu ko ƙwaƙwalwa, ta jijiya a ke ba shi, a kuma sa masa iskar numfashi, wannan kuwa sai a babban asibiti irin na Malumfashi ko Funtuwa, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. Wanda ranar farko ta wuce shi, duk da haka ya je a duba shi.

A gida, ga zafin jiki a ba da farasitamol. Kada a ba da asfirin, musamman ga yaro ko matashi, gama in ya haɗu da ƙarambau ya kan jawo wani mugun ciwo na hanta da ƙwaƙwalwa. A guji ibufurofen da danginsa, domin an ga suna tafiya da ruɓewar fata. Ƙwayoyin ciwon jiki da a ke ƙullawa a leda ba suna, a bar su, ba a san abin da ke ciki ba.

Waɗansu sun ɗauka mai ƙuraje ba ya wanka. Wannan kuskure ne. Ya yi wanka kullum da ruwa mai tsabta, wanda bai yi zafi ba, a tsane jikin da tsumma mai laushi, kada a goga. A yanke masa farce. A shafa kalamin saboda ƙaiƙayi. Kada a shafa toka, ko ƙasa, ko man inji, kada a fasa ƙurajen da ƙaya ko allura. Ya sha ruwa da kunu da koko da yawa, in bakinsa na ciwo a rage yaji da tsami. Mai jinya ya zama wanda ya tabbata ya taɓa yin ciwon.

Alamun da ba a kwana da su

In aka ga ɗaya daga cikin waɗannan, a tashi nan take, kada a jira dare:

1. Tari, ko saurin numfashi, ko ciwon ƙirji, ko kaki da jini.
2. Ruɗewa, ko barcin da ba a iya tashinsa, ko sanƙarewar wuya, ko jijjiga, ko tangaɗi.
3. Ƙuraje masu jini ko baƙaƙe, ko haɓo, ko jini a fitsari.
4. Fata ta kumbura ta yi zafi tana ciwo kewaye da ƙurji.
5. Zazzaɓin da ya wuce kwana huɗu, ko wanda ya sauka ya sake komowa.
6. Amai ba tsayawa, ko kasa sha, ko ƙarancin fitsari.
7. Ƙurji a cikin ido.

Ƙarambau, agana, ƙyanda da ƙyandar biri

Dattawa sun san agana, sun ga makafin da ta bari da masu zanzana a fuska. Da daɗewa a ke rikita ta da ƙarambau, sai a 1767 wani likita a Ingila, William Heberden, ya bayyana cewa cututtuka biyu ne dabam. Agana ta fi yawa a fuska da hannuwa da ƙafafu, har tafin hannu da na ƙafa, ƙurajenta masu zurfi ne da tauri, kuma dukansu tare su ke tafiya, su nuna tare, su bushe tare. Ƙarambau kuwa a gangar jiki ya fi yawa, ƙurajensa a sama-sama su ke, kowanne da kwanakinsa.

A 1967 aka fara babban yaƙi da agana a Afirka ta Yamma, masu lamba suka bi gari gari, sarakuna da hakimai da dagatai suka tara musu jama'a. A 1970 aka ga ta ƙarshe a Nijeriya. Mutum na ƙarshe da ya kamu da ita ta hanyar yaɗuwa tsakanin jama'a shi ne Ali Maow Maalin, mai dafa abinci a asibitin garin Marka ta ƙasar Somaliya, cikin Oktoba 1977. Abin lura a labarinsa shi ne, da farko an ce zazzaɓin cizon sauro ne, da ƙuraje suka fito aka ce ƙarambau ne, aka sallame shi. Ran 8 ga Mayu 1980 aka sanar cewa agana ta ƙare a duniya. Dattijon da ke da tabon lamba a damtse ya sani, lambar nan ta agana ce, ba ta tsare shi daga ƙarambau.

Agana ta tafi, amma ta bar 'yar'uwarta, watau ƙyandar biri. An ga ta a Nijeriya a 1971, ta ɓace shekaru da yawa, ta sake ɓullowa a Jihar Bayelsa cikin Satumba 2017, daga nan aka yi ta samunta a jihohi da dama. Ƙurajenta sun yi kama da na agana, masu tauri, masu ciwo fiye da ƙaiƙayi, su kan fito a fuska da tafin hannu da al'aura, ga kuma kaluluwa a wuya ko hamata ko matsematsi. Sau da yawa ido ba ya raba ta da ƙarambau sai an ɗebi ruwan ƙurji an gwada. Wannan ma dalili ne da zai hana a rufe babba mai ƙuraje a ɗaki a yi shiru.

Ƙyanda kuwa, wadda a ke kira baƙon dauro, da tari da mura da jan ido ta ke zuwa, ƙurajenta ƙanana ne ba ruwa a ciki, daga fuska su ke gangarowa. Tana da allura kyauta ga yaro ɗan wata 9 da ɗan wata 15. Allurar ƙyanda ba ta hana ƙarambau.

Abin da ke komowa da tsufa

Bayan an warke, ƙwayar ƙarambau ba ta barin jiki. Ta kan laɓe a saiwar jijiyoyi kusa da ƙashin baya, ta yi shekaru tana barci. In tsufa ya zo, ko wani ciwo ya raunana jiki, sai ta farka ta bi jijiya guda ta fito fata. A ga ƙuraje masu ruwa sun yi layi kamar ɗamara a gefe guda na ƙirji ko ciki ko fuska, ba sa ƙetarawa ɗaya gefen, da raɗaɗi kamar ƙunar wuta. Tun a 1888 wani likita a Hungari, von Bokay, ya lura yara su kan yi ƙarambau bayan sun zauna da mai irin ƙurajen nan. Ashe kaka mai wannan ɗamara tana iya zama mafarin ƙarambau a gida, ba tare da wani baƙo ya shigo ba. A rufe wurin da tsumma mai tsabta, a kai ta asibiti cikin kwana uku, musamman in kusa da ido ne. In saurayi ne ko budurwa suka yi ta, ya kamata a duba jininsu.

Allurar rigakafi

Wani likita ɗan ƙasar Jafan, Michiaki Takahashi, shi ya haɗa allurar ƙarambau a 1974 a birnin Osaka. Sau biyu a ke yin ta. Ba ta cikin jerin alluran da a ke yi wa yara kyauta a Nijeriya, sai dai a waɗansu asibitocin kuɗi na manyan birane. Ba a yi wa mai ciki, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Tun da ba ta kai ga talaka ba, abin da ya rage a hannu shi ne keɓewa, da kai rahoto, da gaggauta magani.

Aikin hakimi

Hakimi ya tara dagatai da masu unguwa tun farkon hunturu, ya gaya musu kalma guda: duk wanda ya balaga, in ƙuraje masu ruwa suka fito masa, a ranar za a kai shi asibiti. Ya sa sanƙira ya faɗa ran kasuwa. Ya roƙi limamai su bayyana wa jama'a cewa mai ciwon da a ke ɗauka yana da uzurin zama a gida, kada kunya ta kai shi sahu. Ya ja kunnen mutane a kan dubiya: a tsaya a ƙofar gida a yi gaisuwa, a aika da abin alheri, ya wadatar. Gidan da ke da mai ƙarambau, in suna da biki ko suna, a shawarce su su ɗaga, ko su rage taro. Malaman makarantun allo da na boko su sallami yaro har ƙurajensa su bushe duka. Ungozomai da wanzamai da masu kemis a kira su a yi musu bayani, domin su a ke fara kai wa kuka. Kowace unguwa kuma ta san motar da za a nema in numfashin wani ya rikice.

Sarakunan Arewa sun riga sun nuna abin da za su iya. Kwamitinsu na kiwon lafiya da aka kafa a 2009 ya tsaya kan shan inna, har a 2020 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ƙwayarta ta asali. Hanyar da aka bi ita ce daga Sarki zuwa hakimi, zuwa dagaci, zuwa mai unguwa, zuwa ƙofar gida. Hanyar tana nan, ba sai an sake share wata ba.

Aikin malamin hakimi

Malami ya buɗe shafi a littafinsa, ya ja layuka, ya rubuta: sunan mai ciwo, da shekarunsa, da garinsu da unguwarsu, ranar da zazzaɓi ya fara, ranar da ƙuraje suka fito, da inda suka fara, inda ya je cikin mako uku da suka wuce, ko akwai mai ciki ko jariri a gidan, ranar da aka kai shi asibiti, da yadda ya ƙare. Ranar fitowar ƙuraje ita ce layin da ya fi kowane muhimmanci. Da ita likita zai san ko magani zai ci, da ita kuma za a ƙirga kwana 21 a san ran da gidan ya fita daga zargi. In wani ya sake kwanciya, a sake ƙirga daga kansa.

In manya biyu ko uku suka kwanta a unguwa guda, ko makaranta guda, ko wani ya mutu da ƙuraje, ko aka ga ƙuraje a tafin hannu tare da kaluluwa, malami ya sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma a ranar, ta waya, takarda ta biyo baya. Shi zai kai maganar Katsina, daga can ta isa Hukumar NCDC a Abuja, wadda ke da lambar kira kyauta, 6232. Malami ya rubuta abin da aka gani, kada ya yanke hukunci a kan sunan ciwo, wannan aikin likita ne. Kuma littafin amana ne, ba a karanta shi a majalisar hira. In mutane suka ga ana tona asirin masu ciwo, sai su koma ɓoyewa, aiki ya ɓaci.

Magidanci guda shi ke riƙe da gona da rumbu da bakuna goma. In aka tsare shi da tafiyar yini guda zuwa asibiti, an tsare gidan duka. Allah ya kiyaye talakawa, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya kawo damina mai albarka, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.